Igiyar Rijiyar Garin Ilu

Ranar Litinin ce ranar hutun Dogo. Ba wanda ya ba shi hutun, shi ya yanka wa kansa, don shugabanninsa suna can Kano, kuma ba su cika tunawa da shi ba.

Bature ne, ɗan mishan. Sunansa na yanka ya gagari bakin mutanen Gagarawa, sai suka dubi tsawonsa suka sa masa Dogo, shi kuma ya amsa. Ya zo ƙasar Gumel shekara tara bayan babbar yunwa, shi da wani abokin aikinsa. Hukuma ta ba su fili a bayan gari, ta gindaya musu sharaɗi: su wanke gyambo, su ɗiga maganin ido, amma ban da wa'azi. Ba a yi wata huɗu ba zazzaɓi ya kwantar da abokin, aka ɗora shi a kan raƙumi aka yi Kano da shi, bai sake dawowa ba. Dogo ya rage shi kaɗai, daga shi sai kwalaben magani da littafin koyon Hausa.

Mutanen gari ba su ƙi shi ba, ba su kuma ja shi a jiki ba. Da safe mai ciwo zai zo ya miƙa ƙafa, a wanke a ɗaure, ya ce madalla ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa ce masa zo mu ci. Ran Lahadi yakan sa farar rigarsa ya tsaya a tsakar gida ya rera waƙoƙin addininsa shi kaɗai, ƙadangaru a kan katanga suna gyaɗa masa kai. Wasiƙar ƙanwarsa takan iso sau ɗaya a wata biyu, ya yi ta karantawa har takardar ta yage a wurin ninki. Ni dai tausayi yake ba ni. Mutum ya ƙetare teku don ya yi magana, ya zo ya tarar maganar ce kaɗai aka hana shi.

Mutum ɗaya ce take tsayawa hira da shi, wata tsohuwa mai suna Mero, wadda gyambo ya ci mata ƙauri. Talata da Juma'a take zuwa. Hirar ma rabinta faɗa ne: ruwan ya yi zafi, ɗaurin ya yi tsauri, wannan wace irin Hausa ce kamar mai karanta takardar alƙali. Dogo yana kiranta Inna, kuma yakan ja wankin ƙafar ya yi tsawo don kada faɗan ya ƙare da wuri.

To, ran Litinin ba ya buɗe ɗakin magani. Yakan ɗauki malafa da goran ruwa da wani ɗan littafi da yake rubuta sunayen itatuwa da ƙauyuka a ciki, ya shiga daji ya yi ta tafiya har ƙafa ta gaji.

Wannan Litinin ɗin ƙarshen damina ce. An yi ruwa sosai a shekarar, gero ya yi kai har ya fi Dogo tsawo. Ya bi hanyar da ta nufi Ɗanzomo. Ya wuce masu yankan ciyawa, ya ce musu sannu da aiki, suka ce yawwa, suka jira ya yi nisa kafin su ci gaba da hirarsu. Yana jin dariyarsu ta tashi a bayansa. Bai juya ba, ya saba.

Bayan azahar ya hango kawunan kuka guda uku a gabas da hanya. Inda kuka ta taru haka akwai gari, ko kuma an taɓa yi. Ya ga wata siririyar hanya ta ratsa cikin ciyawa, ya bi ta.

Gonaki suka ƙare. Ciyawa ta kai masa gwiwa, ƙarangiya tana kama masa wando. Da ya ƙara gaba sai ya lura kukan kurciya ya ɗauke, gyare ma ya yi shiru. Ba abin da yake ji sai takunsa da ruwan da yake kaɗawa a cikin gora.

Kufai ne. Ga zagayen ɗakuna nan a ƙasa, ga fasassun tukwane, ga dutsen niƙa a kife ciyawa ta kewaye shi. Ya buɗe littafinsa zai rubuta, ya tuna bai san sunan wurin ba, ba kuma wanda zai tambaya.

A nan ne ya hango matar.

Tana tsaye a bakin wata rijiya, can bayan kukar ƙarshe, ta ba shi baya. Siririya ce ƙwarai, zanenta ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta riƙe igiya da hannu biyu, ta jingina jikinta baya, ta kafe dugaduganta a ƙasa. Igiyar ta bi ta kan gungumen da aka gitta a bakin rijiyar ta sauka ciki, a miƙe tsam.

Dogo ya yi sallama. Ba ta juyo ba.

"Bawan Allah," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, a bushe. "Zo ka riƙe mini."

Ya tsaya. Shekara guda ke nan da 'yan watanni ba wanda ya roƙe shi komai in ba magani ba.

"Maigidana ne a ciki, yana ƙara mata zurfi. Hannuna ya mutu. Ka riƙe mini in je in dawo."

Rijiyoyin wannan yanki zurfi gare su, wata takan kai gaba talatin. Saboda haka masu haƙa suna da ƙa'idarsu. Wanda ya shiga yana ɗaure da igiya a ƙugu, wani yana riƙe da ita a sama. Mai riƙo ba ya saki, ko da gobara ta tashi a gidansa. Hanya biyu ce kawai za ta raba shi da igiyar: ko na ciki ya ce saki, ko wani ya kama ta ya ce na karɓa. Duk lokacin da na ciki ya kira, dole a amsa masa, don ya san ba a manta da shi ba. Dogo ya san wannan duka, ya taɓa tsayawa kallon masu haƙa a Gagarawa, har ya rubuta a littafinsa.

Abin da bai rubuta ba shi ne abin da kowane ɗan ƙasar ya sani ba tare da an faɗa masa ba. Rijiyar da ake haƙa ba ta rabuwa da tulin sabuwar ƙasa a gefenta. Kafin ka taɓa igiyar wani, tulin nan za ka fara dubawa. A bakin wannan rijiya babu ko cikin tafi. Ciyawa ce kore shar har gindin gungumen.

Dogo bai duba ba. Ya ajiye gora da littafi, ya tura malafa baya, ya kama igiyar a gaban hannuwanta. Har da ɗan jin daɗinsa, don ya san kalmar da ake faɗa.

"Na karɓa," ya ce.

Matar ta saki. Ta sauke wani dogon numfashi, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ta bi ta bayansa. Ya ji ciyawa ta yi motsi sau biyu, sau uku, daga nan bai ƙara jin komai ba.

Igiyar ba ta da nauyi sosai. Sanyi gare ta, da ɗan danshi. Daga cikin rijiyar wani ƙamshi yana tasowa, na jiƙaƙƙen yumɓu. Can ƙasa ya ji ƙarar dagi: tuk, tuk, tuk. Sai ƙarar ta tsaya.

"Kina nan?" Muryar namiji ce, ta taso a hankali tana bugun bango.

"Ina nan," in ji Dogo. "Matarka ta je ta dawo. Ni baƙo ne."



"Baƙo. To, sannu da zuwa. Sunana Lado. Ka yi haƙuri, ba mu da ruwan ba ka. Daga ina?"

Dogo ya faɗa masa. Lado ya ce bai taɓa jin sunan ƙasar ba, ya tambaya ko ta fi Damagaram nisa. Dogo ya yi dariya, ya ce ta fi. Lado ya tambaye shi me suke nomawa, wa ya bari a gida, me ya raba shi da su. Ba wanda ya taɓa yi masa waɗannan tambayoyi tun da ya zo. Bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin ƙanwarsa da 'ya'yanta biyu, da gidan dutsen da aka haife shi, da teku, da yadda a can ruwan sama yakan kwana uku yana zuba har mutane su gaji da shi. Ya manta da littafin koyon Hausa, maganar tana fitowa yadda ta ga dama, Lado kuma bai gyara masa ko kalma ɗaya ba.

"Har su gaji da shi," in ji Lado. "Ikon Allah."

Dagi ya ci gaba. Tuk, tuk. Jim kaɗan a kira, Dogo ya amsa, hira ta ɗora. Rabon da ya ji daɗin yini haka har ya manta. Inuwar kuka ta miƙe ta iso ƙafarsa, ta wuce shi, bai lura ba.

Kafaɗunsa ne suka fara gaya masa. Igiyar ta ƙara nauyi. Ya gyara tsayuwa, ya ji dugadugansa sun faɗa cikin wasu ramuka biyu a ƙasa, masu santsi, masu tauri, daidai inda matar ta tsaya. Tsayuwar yini ɗaya ba ta yin irin wannan rami.

"Lado, matarka ta daɗe."

"Safara'u ba ta nisa. Ka ƙara haƙuri, na kusa. Ƙasar ta fara sanyi a hannuna. Yara kwana biyu ba su sha ruwa ba."

"Kwana biyu? Ai tabkuna cike suke."

"Wane tabki? Bana ko ɗigo ba a yi ba. Geron da aka shuka a ƙasa ya ƙone."

Dogo ya ɗaga kai ya dubi ciyawar da ta kewaye shi, kore shar. Ya dubi kufan. Ya dubi gefen rijiyar, dama da hagu, yana neman inda ake zuba ƙasar da ake haƙowa.

Babu.

Ya dubi igiyar da ke hannunsa. Baƙa ce ƙirin, ta ruɓe, zarenta yana marmashewa a tsakanin yatsunsa. Igiya irin wannan ko guga ba za ta ɗauka ba. Amma ga ta a miƙe, tana jansa.

Ya ce bari ya sauya hannu. Yatsunsa suka ƙi buɗewa.

Ya sake gwadawa. Ya sa haƙori ya ciji babban yatsansa har ya ji gishirin jini. Hannuwan suna nan a dunƙule, kamar ba nasa ba.

"Kana nan?"

Bai yi niyyar amsawa ba. Bakinsa ne ya amsa.

"Ina nan."

Igiyar ta ja shi taku ɗaya. Dugadugansa suka fita daga ramukan.

Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwa. Ya yi addu'a da harshensu, ya yi da Hausa. Ya yi ihu, muryarsa ta tafi cikin kufan ba ta dawo ba. Ƙamshin yumɓun nan ya sauya, ya koma warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kowane kira, taku ɗaya. Tun yana ƙirga taku shida tsakaninsa da gungumen, har suka koma uku.

Sai ya ji jaki yana tirjiya a bayansa, da muryar da ya sani.

"Tafi mana, ɗan banza! To tsaya, Allah ya shirye ka."

Mero ce. Ta sauka daga kan jakin, ta taho tana ɗingishi da sandarta. Masu yankan ciyawa ne suka faɗa mata sun ga Dogo ya bi hanyar kufai, su ba su da ƙarfin halin binsa. Da ta ga abin da yake riƙe da shi sai ta tsaya cak, sandar ta faɗi.

"Inna lillahi. Dogo, ka ce ka karɓa?"

"Na ce, Inna."

"Wayyo ɗan nan. Ba ka ga babu ƙasa ba?"

Ta matso kaɗan, tana magana da raɗa, da sauri.

"Nan Garin Ilu ne, garinmu. Safara'u ƙanwata ce. Shekarar yunwa rijiyar ta ƙafe, Lado ya shiga. Bango ya rufta a kansa. Ba mai ƙarfin tono, kowa ƙashi da fata. Kwana biyu muna jin kiransa. Gari ya tashi aka yi kudu, na ja ta na ja ta, ta ce ba ta saki, bai ce ta saki ba." Ta dubi bakin rijiyar. "Na tafi na bar ta a tsaye a nan."

"Kana nan?"

"Ina nan."

Taku biyu ya rage.

"Shekara uku da suka wuce wani ɗan koli ya karɓa," in ji Mero. "Jakinsa aka tsinta, da takalmansa. Wanda ya karɓa ba ya wuce faɗuwar rana."

Dukansu suka dubi yamma. Rabin ranar ya nutse.

Mero ta gyara ɗaurin zanenta. Ta tako, ta miƙo hannuwa biyu, busassu.

"Kawo. Ni na ci zamanina. Dama ni ya kamata in karɓe ta tun ranar."

Dogo ya dubi hannuwan. Kalma biyu kawai za ta faɗa ya tsira. Jikinsa duka yana so, har ya ji kafaɗarsa ta karkata wajenta da kanta.

"Kada ki taɓa!" Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. "Koma baya, Inna. Kada ki faɗa."

"Kai yaro ne, kana da..."

"Koma baya!"

Ta ja da baya. Hanya ɗaya ta rage masa, na ciki ya ce saki. Ya sunkuya wajen bakin rijiyar. Ba a ganin komai sai baƙi.

"Lado."

"Na'am."

"Ka ajiye dagin. Ba mai jiran ruwan nan." Ya ƙara sunkuyawa. "Garin ya tashi. Shekara goma ke nan. Bango ya rufta maka, ba ka fita ba. Safara'u ma ta rasu."

Dagi ya tsaya.

Ba kira, ba motsi. Jakin Mero ya juya ya zura da gudu, suna jin kofatonsa har ya ɓace.

Igiyar ta yi sako-sako.

Dogo ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka an sake shi. Ya gwada buɗe hannu. Ya ƙi.

Sai ya ji wani sauti, can ƙasa. Ƙasa tana zubowa. Wani abu yana goga bango. Shiru. Ya sake gogawa, kusa da na farko.

Masu haƙa sukan sassaƙa 'yan matakai a jikin bango, inda za su sa ƙafa.

Hawowa ake yi.

Mero ta fara karatu, muryarta tana sarƙewa. Warin ya cika wurin. Wata iska mai sanyi ta taso daga ramin ta bugi fuskar Dogo. Yana jin numfashi yanzu, a hankali, mai ƙarar yashi.

Gaba goma. Gaba biyar.

Ya rufe ido.

Wani abu ya kama gungumen, itacen ya yi ƙara. Sannan yatsu suka bi igiyar, ɗaya bayan ɗaya, suka hau kan hannunsa na dama suka rufe shi. Sanyi ƙalau, da laka a jikinsu.

Muryar ba ta bugun bango yanzu. A gaban fuskarsa take.

"Shekara goma."

"I."

"Ba mai jirana."

Dogo ya ƙara runtse ido.

"To kai ma ai haka ne, ɗan'uwa." Ba faɗa a muryar, ba mugunta. Tausayi ne a cikinta. "Na ji labarinka duka. Ba mai jiranka a sama. Sauko mu zauna. Akwai sanyi a ƙasa, ga hira. Ba zan gaji da jin ka ba."

Igiyar ba ta ja ba. Ko kaɗan ba ta ja ba.

Ƙafar Dogo ta ɗaga, ta taka gungumen.

"Ƙarya ne!"

Mero ta faɗo masa ta baya, ta rungume ƙugunsa da hannu biyu, ta zube a ƙasa da dukan nauyinta. Ba ta taɓa igiyar ba.

"Ƙarya kake, Lado! Ni ina jiransa! Gobe Talata, wa zai wanke mini ƙafa? Kai za ka wanke? Akwai mai ciwon ido, akwai ɗan Asama'u da ya ƙone, duk gobe za su zo. Sake shi, don girman Allah. Yana da aiki!"

Yatsun suka ƙara matsewa. Dogo ya ji ƙashin hannunsa yana motsi.

"Yaya Mero ce?"

"Ni ce." Kuka take yi sosai. "Ni ce, Lado. Ka yafe mini."

Bakin ranar na ƙarshe yana kan ciyawa.

"Ana jiransa," in ji muryar, kamar mai gaya wa kansa.

Yatsun suka zame, ɗaya bayan ɗaya.

"Saki."

Hannuwan Dogo suka buɗe. Igiyar ta fizge ta cikin tafinsa, ta tafi da fata, ta bi ta kan gungumen ta shige. Suka faɗi baya shi da tsohuwar. Suka kasa kunne su ji faɗuwarta a ƙasa. Ba su ji ba.

Ba su tsaya ɗaukar gora ko littafi ba. Ya goya Mero a bayansa, jini yana ɗiga daga hannunsa, ya yi ta tafiya bai waiwaya ba har suka fara jin kiran sallar magariba daga wani ƙauye.

Kwana uku bayan haka liman ya tara mutane suka tafi Garin Ilu da rana tsaka. Liman ya ce matacce ba ya magana, aljanin kufai ne ya ari muryar bawan Allah. Mero ba ta yi musu ba, ta dai ce ko ma wane ne, ba a yi wa Lado da Safara'u salla ba, a yi musu. Aka yi sahu a bakin rijiyar. Dogo ya tsaya can baya, malafarsa a hannu. Da aka idar aka cike ramin da ƙasa da ƙaya, aka dawo.

Hannunsa na dama bai sake miƙewa ba. Tafin ya warke, amma yatsun suka zauna a lanƙwashe, kuma ko a tsakiyar bazara in ka taɓa su sanyi za ka ji. Bai iya ɗaurin gyambo shi kaɗai, dole sai wani ya kama masa bakin ƙyallen. Da farko Mero ce take kamawa. Daga baya duk wanda yake kusa sai ya kama, in an gama kuma ya ɗan zauna. Wata rana aka aiko masa da tuwo daga cikin gari, ba a faɗi daga gidan wa ba. Yawon Litinin kuwa ya daina shi, ko bakin gonaki ba ya zuwa shi kaɗai.

Ya ƙara shekara biyu a Gagarawa kafin a kira shi gida. Ana gobe zai tafi Mero ta zo, ƙafarta ta daɗe da warkewa. Suka zauna a ƙofar ɗakin magani, ta yi masa faɗan yadda ya ɗaure kayansa. Can ta dubi hannun.

"Har yanzu kana mafarkinsa?"

"Wani lokaci."

"Ai dole. Wanda abin nan ya kama hannunsa."

Dogo ya girgiza kai. Abin da ya ce mata, bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ita.

"Ba hannun ne yake tashe ni ba, Inna. Lokacin da na taka gungumen nan, ba ja na aka yi ba. Ni na taka."